Yadda Ake Ziyarar Tsoho Mai Bi

A Zumuntar Mata ta ikkilisiyarmu a nan Katsina, ni aka ɗora wa tsara ziyarar tsofaffin da ƙafa ta daina kai su sujada. Wannan bayani na 'yan'uwa mata ne masu irin wannan hidima, da duk wadda ke da tsoho a gida.

Ki je da hantsi, bayan an sha kunu. Da yamma tsoho ya gaji, wanda kuma tunaninsa ya fara rikicewa, abin ya fi tashi gab da faɗuwar rana. Mutum biyu sun isa. Idan kun cika ɗaki, hira za ta koma tsakaninku, a bar mai ɗaki yana kallon baki. Ki durƙusa ki ce, "Baba, ina kwana? Ya ƙarfin jiki?" Zai ce, "Da godiya." Amsar ladabi ce, gaskiyar tana baya. Ki zauna ta gefen kunnen da ya fi ji, ki jefa waya cikin jaka.

Babban aikin shi ne sauraro, kuma nan ne yawancinmu muke gazawa. Tsoho zai ba ki labarin da ya ba ki makon jiya, jikoki su ce, "Kaka ya fara." Ki bar shi ya yi. Masanin halayyar ɗan Adam Erik Erikson ya bayyana tun 1950 cewa a matakin ƙarshe na rayuwa mutum yakan waiwaya baya, ko dai ya karɓi rayuwarsa da salama, ko baƙin ciki ya cinye shi. A 1963 wani likita a Amurka, Robert Butler, ya nuna cewa yawan tuna baya ga tsoho aiki ne na lafiya. A wurinmu masu bi abin ya wuce haka, domin shaida yake haɗawa ta yadda Ubangiji ya bi da shi. Don haka ki yi tambayar da za ta buɗe masa baki: "Baba, wa ya fara kawo bishara garinku?" Da yawa cikin tsofaffinmu daga wajen Malumfashi da Kafur suka zo, wasu kuma sun san asibitin kutare na mishan da ke Babbar Ruga tun yana tashe. Ki rubuta abin da suka faɗa, ko ki ɗauka a waya da izininsu. Ina jin zafin yawan tarihin ikkilisiya da muka binne ba mu tambaya ba.

Wata rana ɗaci zai fito: ƙanin da ya cinye gona, ɗan da aka binne yana saurayi, dangin da suka juya baya ranar baftisma. Kada ki yi saurin rufe maganar da "Sai haƙuri, Baba." Ki yi shiru ya ƙarasa. Bayan haka ki tambaya ko akwai wanda yake so a kira masa. An sha yin sulhu ta wannan tambayar kaɗai.

Wurin karatu, ina yawan buɗe 2 Sama'ila 19. Barzillai yana da shekara 80 lokacin da sarki Dawuda ya gayyace shi Urushalima. Ya ce shi kam ba ya jin ɗanɗanon abinci, ba ya jin muryar mawaƙa, a bar shi ya koma garinsu ya mutu kusa da kabarin iyayensa, wani nasa mai suna Kimham ya tafi a madadinsa. Dawuda bai tsawata masa ba, ya sumbace shi ya sa masa albarka. Wata tsohuwa da na karanta wa wannan ta kama hannuna ta ce, "Ashe har da mu a ciki." Idan tsohonki ya fara maganar komawa ƙauye ko inda za a kwantar da shi, kada ki ce, "Allah ya kiyaye, daina faɗa." Shiri yake yi, kuma yana bukatar mai ji.

Zabura 71 da 90 da 92 ma nasu ne. Ki karanta a hankali da murya sama. Wasu da tsohuwar fassarar Littafi Mai Tsarki ta 1932 suka yi hadda, in kika ji bakinsu ya bambanta da littafinki, ki bi nasu. Ki ɗaga waƙa ɗaya daga Littafin Waƙoƙi, irin ta da. Wanda ya manta sunan jikansa sau da yawa bai manta baitin ba. Ki kuma tuna wa fasto ya kai musu Jibin Ubangiji gida.

Kafin ki tashi, ki bar masa aiki. Ma'aikacin gwamnati yakan yi ritaya a shekara 60 ko bayan shekara 35 yana aiki, ranar da aka daina nemansa kuwa ita ce take karya shi, fiye da jinkirin fansho. Hannatu ta Luka 2 ba ta gaza shekara 84 ba, aikinta addu'a da azumi a Haikali. Ki ba shi sunayen marasa lafiya da ɗaliban da za su zauna jarrabawa, da manyan baƙaƙe, ya riƙa yi musu addu'a. In kin dawo ki kawo masa labarin yadda aka ƙare. Ki durƙusa ya sa miki albarka.

Akwai abin da ziyara ba ta warkarwa. Tsohon da ya yi mako biyu ko fiye ba ya cin abinci, ba ya barci, ba abin da ke ba shi sha'awa, yana cewa gara mutuwa, ciwon damuwa ne mai yiwuwa, kuma yana da magani. Kada a ce masa bangaskiyarsa ce ta yi sanyi. Tsohuwar da ke fita da dare ta ɓata, ko tana zargin an sace mata kaya, ƙwaƙwalwa ce ta fara gazawa. Duk wanda ya kira ta mayya, ki tsaya masa da ƙafa biyu, ko a cikin ikkilisiya ne. Rikicewar da ta zo farat ɗaya cikin kwana ɗaya ko biyu kuwa, zazzaɓi ko ciwon mafitsara ko sukari na iya jawo ta, a kai asibiti a ranar. Ki yi magana da babban ɗa ko 'ya a keɓe, a tafi da duk magungunan da tsohon yake sha a leda ɗaya, likita ya gani.