Yadda ake zagaya tuddan Peak District da keken burji

Keken burji yana tsakanin keken tsere da keken hawan dutse: kansa lanƙwasasshe ne irin na tsere, amma tayarsa mai faɗi ce, tana cin tsakuwa da taɓo ba gardama. A Ingila, wuri mafi dacewa da koyon sarrafa shi shi ne Peak District, gandun ƙasa na farko da Birtaniya ta keɓe, a 1951, wanda ke tsakanin Manchesta da Sheffield. Abin da ya sa ya dace shi ne tsofaffin layukan dogo da aka cire ƙarafansu aka shimfiɗa musu niƙaƙƙen dutsen farar ƙasa. Jirgin ƙasa ba ya son hawa mai tsini, saboda haka waɗannan hanyoyi suna kai ka ƙwanƙolin tudu a hankali. Sai dai akwai wuraren da wannan sauƙin yake yankewa kwatsam, kuma a nan ne baƙo yake shan wahala idan bai san da su ba tun daga gida.

Fara da taya. Faɗin milimita 38 zuwa 45 ya isa duk hanyoyin kudancin gandun. Mai nauyin kilo 70 zuwa 80 ya sa iska psi (ma'aunin ƙarfin iskar taya) 32 zuwa 38, ta gaba ta gaza ta baya da kamar 2. Kuskuren da aka fi yi shi ne a cika taya ta yi tauri kamar ta kwalta: keken zai riƙa tsalle a kan tsakuwa, hannu ya yi sanyi, taya ta riƙa zamewa a kwana. In kuma iskar ta yi ƙasa sosai alhali akwai tub a ciki, dutse zai matse tub ɗin da bakin wili ya yi masa huji biyu a jere. Taya marar tub ta fi, da mililita 60 na ruwan toshe huji a kowace ɗaya, domin daga kaka zuwa hunturu manoma suna aske shingayen ƙaya, ƙayar ta warwatsu a hanya. Duk da haka riƙe tub guda, faci, famfo, maɓamɓarin taya biyu da mahaɗin sarƙa wanda ya dace da adadin giyarka.

Giya mafi sauƙi ta zama aƙalla ɗaya da ɗaya, wato haƙoran gaba kada su fi na baya yawa, misali haƙora 40 a gaba, 42 a baya. Sannan ga abin da bai kamata a manta ba ga mai hayar keke a can: a Birtaniya birkin gaba yana hannun dama. Gwada shi a tsaye kafin ka hau.

Zagayen da ya fi koyar da mutum ƙasar nan ya kai kilomita 55 zuwa 60, kuma daga garin Ashbourne ake tashi. Tissington Trail, ɗaya daga cikin tsofaffin layukan dogon nan, ita ce za ta ɗauke ka, kilomita 21 zuwa Parsley Hay. Jim kaɗan da barin gari akwai wata gajeruwar gangara da hawa a inda aka rushe tsohuwar gada. Rage giya kafin ka kai ƙasan, don sarƙa ba ta son a canza mata wuri ana danna feda da ƙarfi. Bayan nan hawan ba ya ganuwa da ido, ƙafa ce kawai take faɗa maka. Shi ya sa ya fi kyau a yi wannan ɓangaren da safe da sauran ƙarfi. Ka da ka yi gasa da hanyar. Juya feda da sauƙi, ka ci wani abu duk minti 45, dabino uku ko ayaba guda, tun kafin yunwa ta yi magana. Ruwa lita ɗaya da rabi ya isa zuwa Parsley Hay, inda akwai wurin hayar keke da banɗaki.

Parsley Hay fili ne a saman tudu, sama da mita 300 daga matakin teku, kuma babu abin da ke tare iska. Mutum yana isa da gumi, ya tsaya minti goma, sai haƙora su fara kaɗawa, ko da a watan Yuni ne. Saka rigar ruwa da zarar ka tsaya, kafin jiki ya huce. Rigar auduga ba ta yi a nan, tana riƙe gumi ta manne a baya.

Daga nan sai ka juyo kaɗan zuwa inda hanya ta rabu biyu, ka ɗauki ta hagu. Ita ce High Peak Trail, layin dogon Cromford da aka kammala a 1831, mai tsawon kilomita 27 gaba ɗaya. Ta fi ta farko ƙunci da kwana-kwana, tana bi ta kan dogayen ganuwoyin dutse, ga ƙofofin gonaki da za ka riƙa sauka kana buɗewa. Ƙofar da ka tarar a rufe, rufe ta bayanka, ka tabbata sakatar ta shiga, saboda tumaki. Kusa da Newhaven hanyar tana tsallaka babban titi da motoci ke gudu. Sauka ka tura, ka fara duba dama.

Bayan Longcliffe za ka iso gangarar Hopton, 1 cikin 14, wato duk mita 14 da ka yi gaba ka sauka mita guda. Ita mai sauƙi ce. Waɗanda suka fi ta haɗari suna gaba: gangarar Middleton da ta Sheep Pasture, kowace kusan 1 cikin 8, ta biyun kuma ta kai kilomita 1.2 a miƙe. A da injin tururi ne yake jawo taragu a kansu da igiya, ginin injin Middleton Top na 1829 yana nan tsaye. Shawarar da ake ba masu keke ita ce su sauka su tura, kuma shawara ce mai kyau, domin hanyar miƙaƙƙiya ce, gudu yana taruwa ba ka ankara ba, ga masu tafiya a ƙasa da yara da karnuka. Wanda ya zo da jirgi ya sauka a Cromford, garin da ke ƙasan gangarorin, da waɗannan hawa biyu zai yi karin kumallo, don haka ya ƙara awa guda a lissafinsa.

A kowace gangarar tsakuwa, riƙe ƙasan kan keken, ka ɗaga kaɗan daga sirdi ka ja jiki baya, fedoji su daidaita. Matsa birki biyun tare, kana saki kana kamawa. Gama rage gudu kafin kwana. Birkin gaba a tsakiyar kwana shi ke kwashe taya. Dutsen farar ƙasa in ya jiƙe santsinsa kamar kuɓewa yake, musamman inda ƙafafu suka goge shi.

Zagayenmu ba ya buƙatar manyan gangarorin nan. A ƙasan Hopton ka bar hanyar, ka bi shuɗayen allunan keke zuwa tafkin Carsington, daga can ƙananan titunan kwalta ta Bradbourne. Kafin Tissington akwai rafi da titi ya ratsa ta cikinsa; ƙasansa gansakuka ce, bi ta ƙaramar gadar gefe. Hawan da ke biye gajere ne amma mai tsini, a nan giyar nan ta 42 take biyan kuɗinta. In ka tarar da ƙarafan da aka gitta a kan rami don hana dabbobi wucewa, ratsa su a miƙe, ban da birki, ban da karkata. Daga Tissington kilomita 6 ne na gangara mai laushi zuwa Ashbourne.

Mai son ya faɗaɗa zuwa wasu hanyoyi ya koyi launin kibiyoyin da ke jikin turaku. Shuɗiya ta halatta wa keke da doki, haka ja da shunayya mai duhu. Rawaya kuwa ta masu ƙafa ce kaɗai. Dokar 1968 da ta ba keke izinin bin hanyar shuɗiyar kibiya ta ce shi zai ba mai ƙafa da mai doki hanya. In ka taho bayan doki, yi magana tun daga nesa, ƙararrawa kusa da shi tana firgita shi. Taswirar Ordnance Survey, hukumar zana taswira ta Birtaniya, mai lamba OL24 ita ce ta wannan yanki, kuma ka sauke ta a waya tun a gida don sabis yana ɗaukewa a kwaruruka. A watan Disamba magariba tana yi kafin ƙarfe 4, saboda haka fitila gaba da baya dole ce. Lambar gaggawa 999.

Da ka dawo, wanke keken ranar. Ƙurar farar ƙasa in ta haɗu da ruwa da mai tana zama kamar ƙullun wasa wuƙa, tana cin sarƙa da takalman birki. Zuba ruwa da bokiti, ba da famfo mai ƙarfi ba, goge sarƙa ta bushe, ɗiga mai a kowace gaɓa ka share rarar. Takalmin birkin da namansa ya gaza milimita 1, canza shi kafin fita ta gaba.