Darasi na Bakwai: Tuƙi a Hanyar Karkara

Mai koyon tuƙi yakan zaci hanyar ƙauye ta fi ta birni sauƙi, tunda ba cunkoso, ba danja. To amma a birni cunkoson nan ne ke tilasta maka tafiya a hankali. A karkara kuwa ba mai hana ka gudu sai kai kanka.

A Najeriya ba a ba mutum lasin tuƙi sai ya cika shekara 18. Mai koyo sai ya mallaki takardar izinin koyo, ya liƙa jan harafin L a gaba da bayan mota, sannan direba mai lasin ya zauna a gefensa. Kafin ku tashi, ka duba iskar tayoyi har da safaya, da jak, da ruwan lagireto, domin mai faci yana iya yi maka nisa.

Yanzu ga lissafin da ya kamata ka haddace. Motar da ke gudun kilomita 60 a awa tana cin kusan mita 17 cikin daƙiƙa ɗaya, wato kafin ƙafarka ta bar totur ta hau birki ka riga ka wuce tsawon mota uku. In ka ninka gudu sau biyu, nisan da birki ke bukata ninkuwa yake yi sau huɗu. A hanyar burji abin ya fi haka, saboda tsakuwa tana mirginawa ƙarƙashin taya. Don haka kada ka yi gudun da ba za ka iya tsayawa a iyakar inda idonka ya tsaya ba. Da damina dawa da gero sukan yi tsawo su rufe kwana. Rage gudu tun kafin ka shiga, ka riƙe hannunka na dama, ka danna oda. Da hunturu, in hazo ya sauka ko babbar mota ta tayar da ƙura a gabanka, kunna ƙaramar fitila, ka ja baya, ka haƙura da wuce ta.

In ka iske shanu suna tsallake hanya a burtali, tsaya cik, ka bar makiyayi ya gama aikinsa. Oda firgita su take yi su watse. In akuya ta gilma, sa ran 'ya'yanta suna biye da ita. Kaza kuwa, taka birki kawai, kada ka fizge sitiyari saboda ita. A biya kuɗin kaza ya fi a ciro mota daga kwalbati. Ranar kasuwa, da lokacin tashin 'yan makaranta, ka shiga gari da giya ta biyu. Da magariba ka tuna amalanke ba ta da fitila.

A cikin yashi ko taɓo, sa giya ta biyu tun daga bakinsa, ka ba da wuta daidai wa daida, kada ka tsaya a tsakiya. In ka ji mota tana santsi, ɗaga ƙafa daga totur a hankali. Ruwa mai gudu a kan hanya, in ya kusa kai gwiwa, yana iya ɗauke ƙaramar mota. Jira ya janye. In ka ratsa ruwa, ɗan tattaka birki ya bushe.

Ganyen da aka jera a kan titi alama ce mota ta lalace a gaba. In haɗari ya auku, lambar gaggawa ta Hukumar Kiyaye Haɗura ta Ƙasa, FRSC, ita ce 122.

Aikin aji

1. Rubuta 122 a littafinka, ka adana ta a wayarka.
2. Motar da ke gudun kilomita 60 a awa, mita nawa za ta ci cikin daƙiƙa 3?
3. Ku zana hanyar garinku zuwa kasuwa, ku sa alama a duk inda shanu ke tsallakawa ko ruwa ke kwanciya.