Darasi na Tara: Kuɗi sun ɓata a shagon POS, wa zai biya?

Karanta wannan misali a hankali.

Wani ɗan kasuwar hatsi yakan kai cinikinsa shagon POS kowace yamma, a tura masa asusunsa na banki. Wata ranar Alhamis ya miƙa wa yaron shagon naira 300,000. Yaro ya ƙirga, ya danna na'ura, ya ce, "Alhaji, natwok ne, alat zai shigo anjima." Alhaji ya tafi ba rasit a hannunsa. Har Litinin shiru. Da ya dawo, yaro ya bar aiki, mai shago kuma ya ce, "Alhaji, ni ban karɓi kuɗinka ba. Shagon yana da rajista, ka bi shago bashi."

Maganar mai shago ba ta da tushe, sai dai mutane da yawa haka suka ɗauka. Hukumar rajistar kamfanoni ta Najeriya, wato CAC, tana yin rajista iri-iri. Akwai rajistar sunan kasuwanci, wadda ƙananan shaguna irin wannan suka fi yi. A wannan, doka ba ta raba mutum da shagonsa ba. In kai ne mai shagon, bashin shago bashinka ne. Idan kotu ta yanke hukunci, ana iya taɓa babur ɗinka da kuɗin da ke asusunka na kanka. Abin da yaronka ya karɓa a bakin aiki, a shagonka, da na'urarka, kai za a tambaya. Daga baya kai ma ka nemi yaron.

Kamfani mai ɗauke da Ltd a ƙarshen sunansa daban yake. Doka tana kallonsa kamar mutum mai zaman kansa, shi ke cin bashi, shi ke biya. Tun dokar kamfanoni ta 2020, mutum ɗaya ma yana iya buɗe irinsa. To amma akwai inda kariyar ba ta kai ba. In ka sa hannu a takarda cewa ka tsaya wa kamfanin, ka ɗora wa kanka bashin ke nan. In kuma an tabbatar ka yi zamba, sunan kamfani ba zai ɓoye ka ba. Shi ya sa kada ka dangwala yatsa a takardar banki sai an karanta maka ita tsaf.

Alhaji ma yana da nasa sakacin. Bai kamata ya bar wurin ba tare da rasit ba. Kuma rasit na POS yana koɗewa cikin 'yan watanni, balle a aljihu lokacin zafi, don haka a ɗauki hotonsa a waya nan take.

Wani lokaci laifin na na'ura ne: an cire kuɗi, ba su kai inda aka tura su ba. A nan banki za ka fara kai ƙorafi a rubuce, ka karɓi lambar ƙorafin. In an yi mako biyu ba a warware ba, ka rubuta wa sashen kare haƙƙin abokan hulɗa na Babban Bankin Najeriya.

Aikin aji

Wace irin rajista ce ke sa mai shago ya biya bashi daga aljihunsa? Rubuta naira 300,000 da kalmomi. Sannan ka rubuta wa bankinka wasiƙar ƙorafi mai layi biyar, ka sa kwanan wata, da adadin kuɗi, da lambar da ke jikin rasit.