Alam ɗin Waya da Maganin Asmar Yara: Inda Muke Tafka Kuskure

Da zarar hunturu ya sauka a Birnin Kebbi, hazo ya lulluɓe gari, hayaƙin ƙaiƙayin shinkafa ya haɗu da ƙura, duk gidan da ke da yaro mai asma, wato fuka, sai barci ya yi ƙaura. Iyaye da yawa yanzu suna saita alam a waya don kada lokacin magani ya wuce. Dabara ce mai kyau. A wani bincike da aka fitar a 2015 a ƙasar New Zealand, an bi yara 220 masu shekara 6 zuwa 15. Waɗanda aka maƙala wa inhelarsu, wato gwangwanin maganin da ake fesawa a shaƙa, na'ura mai ƙara idan lokaci ya yi sun shaƙi kusan kashi 84 cikin 100 na maganinsu, sauran kuwa kashi 30 kacal. Mu ba mu da wannan na'ura a kemis ɗin unguwa, amma waya tana iya tsayawa a madadinta idan an kauce wa wasu kurakurai.

Babban cikinsu shi ne saita alam a kan maganin da ba shi ba. Inhela iri biyu ce. Akwai shuɗiya, mai salbutamol, wadda aka fi sani da Ventolin. Ita ta buɗe ƙirji ce idan numfashi ya sarƙe, aikinta na 'yan awanni ne. Akwai kuma ta rigakafi, kamar beclomethasone da yawanci ke zuwa a launin ƙasa, mai kwantar da kumburin hanyoyin numfashi a hankali. Ita ce ake shaƙa kullum, safe da dare, yadda likita ya rubuta, kuma ita ce ke buƙatar alam. Matsalarta ɗaya: ba a ganin aikinta nan take, sai an yi kwanaki ko makonni. Shi ya sa ake raina ta. Yaro ya yi sati biyu bai yi tari ba, sai kaka ta ce, "Yaron ga lahiya lau shike, mi za a yi ta ɗura mai magani?" A kashe alam, a jefa inhela cikin kwalla. Alhali lafiyar da ake gani ɗin, maganin ne ya kawo ta. Rage shi ko dainawa shawarar likita ce, ba ta tsakar gida ba.

Sai wayar da aka zaɓa. Ni kaina na yi wannan wauta. Na saita wa ɗana alam ƙarfe bakwai na safe a wayata, ranar na yi sammakon zuwa kasuwar Jega. Tana kaɗawa a aljihuna ina cikin mota, yaro da inhela suna gida, uwarsa kuma ta ɗauka na ba shi kafin in fita. A sa alam a wayar wanda yake tare da yaron a wannan lokaci, ko da ƙaramar waya ce mai madannai. Ita ma ta fi riƙe caji idan an kwana biyu babu wuta. A kuma jingina lokacin da abin da ba ya wucewa, kamar bayan sallar asuba da bayan isha'i, ta yadda ko waya ta mutu, kiran salla zai tuna.

Kada a kashe alam da niyyar "bari in sauke tukunya". Ba a kashe shi sai maganin ya shiga ƙirji, don haka inhela ta zauna wuri guda da kowa ya sani.

Shigar ma sai an duba. Ƙaramin yaro ba ya iya daidaita fesawa da jan numfashi, maganin sai ya tsaya a harshe. A girgiza inhela, a jona ta da robar nan da ake kira sifesa, mai shiga tsakanin inhela da bakin yaro, a fesa sau ɗaya, yaro ya ja numfashi sau biyar ko shida kafin a sake. Inda babu sifesa, ma'aikacin lafiya zai iya nuna yadda ake yin ta da gorar roba mai rabin lita. Likitoci a Afirka ta Kudu sun gwada haka tun 1999, ta kuma yi aiki. Bayan ta rigakafi a kurkure baki a zubar, saboda farin kurajen baki.

Akwai wani alam da kusan kowa ke mantawa da shi, na ranar sayen sabuwa. Gwangwani mai fesa 200, idan ana yin biyu safe biyu dare, kwana 50 zai yi. Bayan nan ko an girgiza an ji motsi a ciki, ba lallai magani ne ke fitowa ba. A rubuta ranar da aka buɗe a jikin kwalin, a sa tunatarwa a kalandar waya a kwana na 40.

Idan duk an kiyaye amma yaro yana neman shuɗiyar fiye da sau biyu a mako, ko tari yana tashinsa cikin dare, a koma wurin likita da inhelolin duka biyu a hannu. Idan kuwa ya kasa haɗa magana saboda haki, haƙarƙarinsa na lotsawa, ko leɓɓansa sun sauya launi, a ba shi shuɗiyar a kama hanyar asibiti nan take, ko da tsakar dare ne.