Yadda za ka maida wutar sola sana'a a sansanin 'yan gudun hijira

Mutum ya baro gidansa da gonarsa, tallafin abinci kuma ba abin dogaro bane har abada, to in Allah ya sa wuta ta shigo sansani bai kamata ta ƙare a kwan fitila kawai ba. A ƙasar Jodan an kafa tashar sola a sansanin Azraq a 2017, a shekarar dai aka buɗe ta Za'atari mai megawat 12.9, a Kalobeyei ta Kenya ma akwai ƙaramin layin sola da masu shaguna ke ja suna biya da mita. Kenan abin mai yiwuwa ne, tsari yake so.

Da farko kar ka sayi komai. Zaga cikin sansanin ka ga me mutane ke fita nema waje ko suke bin layi a kansa, cajin waya ne, aski ne, ruwan sanyi ne, ɗinki ne ko hoton takardu, dan masu neman tallafi kullum cikin buƙatar kwafin takarda suke. In layinku akwai masu caji biyar kar ka zama na shida.

Sai ka je wajen shugabannin sansani ko ofishin UNHCR, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da 'yan gudun hijira, ka tambayi ƙa'ida, wani wurin wutar gidaje kyauta ce amma an hana jan ta zuwa shago, kuma satar layi gobara take jawowa a wurin da tantuna ke manne da juna.

Yanzu ga inda nake so ka nutsu, lissafin wat, wato ma'aunin wutar da na'ura ke ci. Kowace na'ura an rubuta wat ɗinta a jiki ko a bayanta. Waya ɗaya wat 5 zuwa 10 take ci, kilifar aski ƴar kaɗan ce ita ma, motar keken ɗinki wajen wat 100, firiza kuwa ko da an rubuta 150 lokacin da za ta tashi tana iya jan ninki uku ko fiye, shi ya sa za ka ga inbata ƙarama, wato na'urar da ke maida wutar batir irin ta gida, tana ƙara tana mutuwa da zarar an jona ta. Ka ninka wat da awannin aiki. Misali wayoyi 30 kowacce wat 10 na awa 2, ya zama wat-awa 600. Fanel, wato farantin sola, mai wat 300 in ya samu rana mai ƙarfi ta awa 5 zai ba da wat-awa 1,500 a takarda, amma ka cire wajen kashi ɗaya cikin huɗu saboda zafi da ƙura da wutar da ke ɓacewa a cikin wayar lantarki, abin da ya rage shi za ka gwada da buƙatarka. Injin niƙa da walda kam ba na ƙaramar sola bane, sai babban layi, kar wani mai sayarwa ya ruɗe ka.

In jari bai kai ba ku haɗu mutum uku ko huɗu, ko ka nemi kamfanonin da ke ba da kayan sola ana biya kaɗan kaɗan ta waya, amma ka karanta sharaɗin tukuna domin in ka yi jinkirin biya kashe na'urar suke daga can.

Aiki mai cin wuta ka yi shi da rana tsakanin ƙarfe 10 zuwa 3, firiza ta yi ƙanƙara lokacin, da dare ka bar ta a rufe. Batirin ruwa irin na dalma kar ka bari ya sauka ƙasa da rabi, in kana tatse shi kullum ba zai daɗe ba, na litiyam ya fi juriya sai dai tsada. Ka riƙa goge fanel da tsumma mai laushi da sassafe kafin ya yi zafi.

Abin da ya fi kashe irin wannan sana'a shi ne ranar da batir ya mutu babu kuɗin sabo. Dan haka tun ranar farko ka ware wani abu daga cinikin kullum ka sa a asusu daban, ko bashi ya taso kar ka taɓa shi. Ka riƙe littafi kuma, abin da ya shigo da wanda ya fita da sunan masu cin bashi, domin ƙungiyoyin da ke ba da jari shi suke fara tambaya in ka je neman ƙari.