Yadda Ake Neman Gurbin Karatun Likitanci a Jami'o'in Najeriya

Mafi ƙarancin makin da JAMB, hukumar jarrabawar shiga jami'a, ke sanarwa duk shekara ba shi ke shigar da ɗalibi sashen likitanci ba. Hukumar MDCN, mai kula da aikin likitoci, ita ke ƙayyade wa kowace jami'a yawan ɗaliban da za ta horar, gwargwadon malamanta, ɗakunan gwajinta da asibitin koyarwarta. Idan masu nema sun fi guraben yawa, daga saman jeri ake ɗiba har a cika. Haka abin yake a fannin shari'a, harhaɗa magunguna da aikin jinya, kowanne da hukumarsa.

Fara da sakamakon sakandare. Ana buƙatar kiredit biyar: Turanci, Lissafi, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji. Jami'o'i da dama suna son su a zama ɗaya, wato ba a haɗa WAEC da NECO. A jarrabawar UTME da JAMB ke shiryawa kuwa darussa huɗu za ka zauna, Turanci da na kimiyyar nan uku, babu Lissafi. Wanda ya sa Lissafi a gurbin Fiziks ya fitar da kansa tun ba a duba makinsa ba. Jimillar maki 400 ne, kuma wanda ya tsaya a kusa da 200 gara ya fara tunanin wani kwas.

Zaɓen jami'a shi ne inda aka fi tafka kuskure. A jami'o'in tarayya ana kasa gurabe uku: kashi 45 cikin 100 na cancanta zalla, 35 na 'yan jihohin da jami'ar ke yi wa hidima, 20 na jihohin da aka bari a baya a ilimin boko. Saboda haka ɗan Kano da ya sa Bayero a zaɓin farko yana da ƙofa fiye da ɗaya, amma idan ya nemi Ibadan, ƙofar yankin a rufe take gare shi. Zaɓi na biyu kuwa a wannan kwas kusan ado ne.

Bayan UTME sai tantancewar jami'a, wasu da jarrabawa, wasu da lissafa makin takardu. Ka tabbata an ɗora sakamakonka na sakandare a CAPS, shafin da JAMB ke ba da gurabe ta cikinsa, a cibiyar da aka amince da ita, domin ba a tura sunan wanda nasa bai hau ba. Idan tayi ya zo, duba kwas ɗin kafin ka danna amincewa. Sau da yawa wani fanni ake tura mutum.

Wanda bai samu gurbi ba, zai iya yin IJMB, shirin share fagen shiga jami'a da ke ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, ya nemi shiga aji biyu kai tsaye, sai dai guraben can sun fi ƙaranci. Shiga da niyyar sauya sashe daga baya kuwa caca ce, don sai gurbi ya samu ake duba buƙatar.