Kurakuran da aka fi yi wajen shirya tafiya Santambul a lokacin kaka

Mutane da dama daga ƙasashenmu sukan zaɓi watan Oktoba ko Nuwamba domin zuwa Santambul ta ƙasar Turkiyya, wasu don sarin kaya a unguwannin Laleli da Osmanbey da Merter, wasu don ziyarar masallatai da wuraren tarihi, wasu kuma don haɗa biyun. Zaɓin yana da hujja, domin zafin Yuli da Agusta ya wuce, cunkoson baƙi ya fara raguwa, kuɗin otal ma yakan sauka musamman a Nuwamba. Sai dai yawancin wahalar da matafiyi yake sha a wannan lokaci daga wuri ɗaya take fitowa, wato ya haɗa jakarsa kuma ya kama masaukinsa ba tare da ya san irin sanyin da zai tarar ba.

Kuskuren farko shi ne dogaro da lambar da waya ta nuna. A Oktoba ma'aunin zafi yakan kai wajen digiri 20 da rana, ya sauka zuwa wajen 13 da dare, a Nuwamba kuwa wajen 15 da rana, 9 da dare. Wanda ya saba da hunturun Kano ko Jos ko Damagaram zai ga waɗannan lambobi ya ce ai ya sha ganin abin da ya fi haka. Amma ɗarin hunturu busasshe ne, kuma da hantsi ya yi rana takan kore shi. Santambul kuwa tana zaune ne tsakanin Bahar Aswad da tekun Marmara, mashigin Bosforus ya raba ta biyu, saboda haka sanyinta mai laima ne, yana zuwa da yayyafi da iskar arewa maso gabas da mutanen garin suke kira poyraz, kuma ana iya yin kwana biyu ko uku ba a ga rana sosai ba. Irin wannan sanyi yana ratsa shadda da atamfa cikin ɗan lokaci, tufafin da suka jiƙe kuma ba sa bushewa da wuri.

Daga nan ake faɗawa ɗaya daga cikin kuskure biyu. Wani ya zo da kaftani da 'yar suwaita, wani kuma ya sayi ƙatuwar rigar sanyi guda ɗaya mai nauyi, wadda zai yi ta zufa a cikinta da zarar ya shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa ko kanti, ya fito iska ta buge shi, washegari ya tashi da mura. Abin da ya fi dacewa shi ne sutura hawa-hawa: rigar ciki mai dogon hannu da dogon wando na ciki masu kama jiki, sai suwaita, sai jaket wadda ruwa da iska ba sa ratsa ta, ta yadda za a iya cire ɗaya ko a ƙara ɗaya gwargwadon wuri. Mata za su iya sa duk wannan a ƙarƙashin abaya ba tare da sun sauya shigarsu ba, mayafi mai kauri kuma ya fi amfani bisa gyale mai shara-shara.

Takalmi ne aka fi rainawa, alhali shi ne yake yanke wa mutum yawo. Titunan tsohon gari na duwatsu ne, suna santsi idan aka yi ruwa, harabar manyan masallatai kuma marmara ce. Mai silifa ko takalmin fata mai sulɓin ƙasa zai isa ƙofar masallacin Sulaimaniyya da jiƙaƙƙiyar safa, ya cire takalmi ya taka darduma da ita, sannan ya ƙarasa yininsa da ƙafa a sandare. A nemi takalmi sau-ciki mai ƙasan roba wanda yake da sauƙin cirewa da mayarwa, domin za a cire shi sau da yawa a yini, kuma a riƙa ajiye busasshiyar safa a jakar hannu. Wuraren alwala na tsofaffin masallatai da yawa a waje suke, jikin bango ko tsakiyar haraba, ruwansu kuma da sanyi, saboda haka dattawa musamman gara su fito daga otal da alwalarsu.

Batun otal ya fi komai nauyi, kuma a nan ne hoto yake yaudarar mutane. Ana ganin rufin bene mai kallon teku, an jera teburan karin kumallo a fili, sai a biya nan take, ba a tuna cewa da rani aka ɗauki hoton, kuma a Nuwamba da wuya a iya zama a wurin. A ganina, abin da ya kamata a fara tambaya kafin farashi shi ne yadda ake ɗumama ɗakin. Wasu otal-otal suna da na'ura guda ta gidan gaba ɗaya, wadda ba a juya ta daga sanyaya zuwa ɗumamawa sai lokacin da masu gidan suka ga dama, don haka baƙon da ya zo a daren sanyi na tsakiyar Oktoba yana iya tarar da ita a kashe. Wasu kuma kowane ɗaki yana da na'urarsa, baƙo ya kunna ya daidaita da kansa, kuma irin wannan ya fi dacewa da lokacin da yanayi yake sauyawa tsakanin safe da dare. A aika saƙo a tambaya ƙarara, a kuma haɗa da tambayar ko akwai ruwan zafi dare da rana, ko ɗakin yana da taga, ko akwai lifta. Yawancin ƙananan otal-otal na unguwar Sultanahmet da take tsohon gari tsofaffin gidaje ne da aka gyara, suna da kyau ƙwarai, amma wasunsu ba su da lifta, matakalarsu ƙunci gare ta, ɗakin da ya fi araha kuma sau da yawa a ƙarƙashin ƙasa yake, inda laima take taruwa. Wajen karanta ra'ayoyin waɗanda suka taɓa sauka, a nemi na watannin Nuwamba zuwa Fabrairu, domin wanda ya kwana a Yuli ba shi da abin da zai faɗa game da hita.

Taswira ma tana da nata ruɗin. Santambul gari ne na tuddai, kuma tafiyar da aka rubuta ta mita 400 tana iya zama hawa mai tsayi ko jerin matakala, musamman a Galata da Jihangir da gangaren da yake sauka daga Sultanahmet zuwa bakin Marmara. Hawan da ba komai ba ne da rana tsaka yakan zama aiki ga mai jan akwati cikin ruwan sama, ko mai tafe da tsohuwa ko ƙananan yara. Mafita ita ce a kama masauki kusa da tasha, a kan shimfiɗaɗɗen wuri. Layin jirgin kan titi na T1 yana bi ta Kabatash, Eminonu, Sultanahmet, Beyazit, Laleli da Aksaray, wato ya haɗa wuraren tarihi da na sari, kuma katin Istanbulkart guda yana aiki a kansa da bas da jirgin ƙarƙashin ƙasa da na fito. Ɗan kasuwa zai fi samun sauƙi a Laleli ko Shishli kusa da dilolinsa, mai iyali kuma ya yi hattara da lungunan da suke bayan titin Istiklal a Taksim, inda kiɗan gidajen rawa yake kai wa tsakar dare. Otal mai arha a can gefen gari yakan cinye rarar da aka samu a kuɗin tasi, ga cunkoson motoci da yake ƙaruwa duk ranar da aka yi ruwa.

Akwai kuma masu cewa sai sun isa sun gani da ido kafin su kama ɗaki. Tun shekarar 2017 wata kotu ta hana shafin intanet na kama otal, Booking.com, karɓar ajiyar otal-otal na Turkiyya daga cikin ƙasar, saboda haka mai amfani da shi ya gama komai kafin ya tashi, kuma ya zaɓi ajiyar da za a iya sokewa kyauta ko da ta ɗan fi tsada, tunda biza ba ta hannunsa. A duba filin jirgin da za a sauka, domin biyu ne: babban filin Santambul yana ɓangaren Turai, wajen kilomita 40 daga tsohon gari, Sabiha Gokcen kuma yana ɓangaren Asiya. Idan jirgi da asuba zai sauka, a sani cewa galibi ba a ba da ɗaki sai wajen ƙarfe 2 na rana, don haka ko dai a biya daren da ya gabata, ko a nemi alkawarin shiga da wuri a rubuce.

Kuskure na ƙarshe shi ne cika jadawali kamar yini ba ya ƙarewa. Tun 2016 Turkiyya ba ta sauya agogo, tana gaban Najeriya da Nijar da awa biyu duk shekara, kuma a ƙarshen Nuwamba rana ba ta fitowa sai wajen ƙarfe 8, ta faɗi kafin 6. Gara a raba wuraren ziyara gida biyu, na ranar da gari ya washe da na ranar ruwa. Fadar Topkapi, inda aka adana kayan tarihin da ake dangantawa da Manzon Allah (SAW), farfajiyoyi ne a buɗe da layin jira a waje, don haka tana son busasshiyar rana, kuma a rufe take ranar Talata. Ziyarar masallacin Eyup Sultan ma, inda kabarin sahabi Abu Ayyub al-Ansari yake, tana son busasshiyar rana. Babbar kasuwa mai rufi da tafkin ƙarƙashin ƙasa na Yerebatan mai ginshiƙai 336 su ne na ranar ruwa, sai dai kasuwar ba ta ci ranar Lahadi. Yawon Bosforus ko na tsibiran Marmara kada a ɗaure shi da ranar ƙarshe, domin idan iskar kudu maso yamma da ake kira lodos ta taso akan dakatar da jiragen fito. A kuma duba ko tafiyar ta faɗo kan 29 ga Oktoba, ranar bikin kafa jamhuriya, ko ranar gudun fanfalaki na Santambul da akan yi wata Lahadi a Nuwamba, saboda a ranakun biyu ana rufe manyan tituna, kuma wanda jirginsa zai tashi a ɗayansu sai ya bar otal da wuri fiye da yadda ya saba.